Wa ke da ikon tura sojojin Najeriya yaƙi a wata ƙasa? Fashin baƙin sashe na 5

Tun da jiragen yaƙin Najeriya suka shiga Jamhuriyar Benin ranar 7 ga Disamba, 2025 don murƙushe yunƙurin juyin mulki, tsohuwar fargaba ta dawo garuruwanmu na bakin iyaka. Daga Maigatari zuwa Gumel da Babura da Sule Tankarkar, saƙonnin murya sai yawo suke a WhatsApp: wai Nijar ce ta gaba, wai an riga an sa hannu, wai za a bi gida-gida a ɗebi samari. Ban ga laifin wanda hankalinsa ya tashi ba. Mutumin da 'yarsa ke aure a Dungas ko Magarya, ko dillalin da abincinsa ya dogara da shanu da raƙuman da ke gangarowa daga Damagaram zuwa kasuwar Alhamis, ba sai an gaya masa abin da faɗa da Nijar zai ci ba. Sai dai yawancin abin da ake yaɗawa bai yi daidai da abin da doka ta ce ba, kuma wurin da ya kamata a ji tsoro a cikin dokar ba shi ake magana a kai ba.

Maganar tana cikin sashe na 5 na kundin tsarin mulkin 1999. Ta shafi sojan ƙasa da na ruwa da na sama. Ƙaramin sashe na 4 ya kafa sharaɗi biyu. Shugaban ƙasa ba zai ayyana yaƙi tsakanin Najeriya da wata ƙasa ba sai Majalisar Dattawa da ta Wakilai sun zauna wuri guda sun amince. Sannan ba za a tura ko da soja ɗaya fagen fama a wajen Najeriya ba sai Majalisar Dattawa ta yarda tun kafin a tura shi. Don haka masu cewa "ai shi ne babban kwamandan askarawa, abin da ya ga dama shi zai yi" sun yi kuskure. Muƙamin nasa ne, amma kundin da ya ba shi muƙamin shi ne ya ɗaure masa hannu a nan.

Haka ma masu cewa idan ECOWAS ta yanke shawara magana ta ƙare. Sashe na 1 ya ɗora kundin tsarin mulki a kan kowace doka a ƙasar nan, kuma babu taron shugabanni da zai ɗauke wa Majalisar Dattawa wannan hurumi. Mun gani da idonmu. Sojoji sun kifar da shugaban Nijar Mohamed Bazoum ranar 26 ga Yuli, 2023. Ranar 30 ga wata ECOWAS ta zauna a Abuja ta ba su wa'adin kwana bakwai su mayar da shi kan mulki. Shugaba Tinubu ya aika wa Majalisar Dattawa wasiƙa, sanatocin Arewa suka fito fili suka ce ba su goyon bayan amfani da ƙarfi, ranar 5 ga Agusta kuma majalisar ta ce a bi hanyar siyasa da sulhu. A wannan makon da wanda ya biyo baya huɗubobin Juma'a da rediyo da majalisun hira duk maganar ɗaya ce, mutane suka fito kan titi a Kano, tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau ta tafi Yamai. ECOWAS ta ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana ranar 10 ga Agusta, amma ba a harba ko harsashi ɗaya ba. A ganina ƙarar talakawa ce ta sa sanatocin suka tsaya da ƙafarsu.

Maganar ɗibar samari kuwa ba ta da tushe. Aikin soja a Najeriya na wanda ya nema ne da kansa. Gaskiya ne sashe na 220 ya ambaci aikin soja na dole, amma ya rataya shi a kan dokar da Majalisar Tarayya za ta yi, kuma babu irin wannan doka. Duk wanda ya zo ƙauyenku da takarda yana rubuta sunayen yara, ko yana neman kuɗi wai don a cire sunan ɗanka, ɗan damfara ne, a kai maganarsa wurin dagaci da 'yan sanda.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa: ƙaramin sashe na 5. Ya ce duk da waɗancan sharuɗɗa, shugaban ƙasa na iya tura sojoji wani taƙaitaccen aikin yaƙi a waje, bayan ya yi shawara da Majalisar Tsaron Ƙasa, idan ya gamsu cewa tsaron Najeriya na fuskantar barazana ta kusa. Sharaɗin kawai shi ne ya nemi amincewar Majalisar Dattawa cikin kwana bakwai da fara gwabzawa, ita kuma ta amince ko ta ƙi cikin kwana goma sha huɗu. Ta wannan ƙofa aka shiga Benin: sojoji suka tafi ranar Lahadi, Majalisar Dattawa ta amince ranar Talata, 9 ga Disamba, bayan aiki ya riga ya wuce.

A lura da kyau. Kwana bakwan ba daga ranar da aka ba da umarni ake ƙirga su ba, daga ranar da aka fara musayar wuta ne. A haɗa da kwana goma sha huɗun majalisa, mako uku ke nan ana iya yin faɗa ba tare da wakilin kowa ya ɗaga hannu ba. A Kwatano da ke can bakin teku wataƙila mako uku ba ya taɓa mu. A iyakar da ta kai kimanin kilomita 1,500, wadda ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, inda gonar wani ke nan rijiyarsa na can, mako uku ya isa ya tarwatsa zumuncin da ya girmi Najeriya da Nijar duka.

Sannan wa zai gamsu cewa akwai barazana? Shugaban ƙasa da kansa. Da wa zai yi shawara? Da majalisar da shi ke shugabanta, wadda ta ƙunshi mataimakinsa da ministan tsaro da hafsoshin da shi ya naɗa. Shawara ce kuma, ba izini ba. Kundin bai fayyace iyakar "taƙaitaccen" aiki ba, bai ce soja nawa ko kwana nawa ba, bai kuma faɗi ƙarara abin da zai biyo baya idan majalisa ta ƙi ko ta yi shiru ba. Na fahimci hikimar sashen, domin idan maƙiyi ya taso cikin dare ba za a jira sanatoci su dawo daga hutu ba. Amma rubutun ya yi faɗi da yawa, kuma mu mazauna iyaka mu ne za mu fara biyan kuɗin faɗin.

Ita amincewar ma ba ta buƙatar kashi biyu cikin uku. Sanatoci 109 ne, kashi ɗaya cikin uku, wato 37, sun isa a zauna, rinjaye mai sauƙi kuma ya wadatar. A lissafi, mutum 19 na iya amincewa da tura sojoji. Galibi da murya ake yi, a ce masu goyon baya sun fi yawa, a buga guduma, ba a san wanda ya ce e ko a'a ba. Wanda ya ce bai yarda da manya ba yana da hujja a nan.

Wani abin da ke rikita mutane: rufe iyaka da yanke wa Nijar wutar lantarki ba sa cikin wannan sashe, shi ya sa aka yi su a 2023 ba tare da ƙuri'ar majalisa ba, kasuwar Maigatari ta kwanta har zuwa Maris 2024 da aka buɗe iyaka.

Shin faɗin "ba mu yarda da yaƙi ba" laifi ne? A'a. Sashe na 39 da na 40 sun kare faɗin ra'ayi da taron lumana, kuma tun 2007 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa ba dole ne a nemi izinin 'yan sanda kafin a yi gangami ba. Amma ina roƙon iyaye su ja kunnen yara. Kiran sojoji su karɓi mulki, ko ɗaga tutar wata ƙasa a zanga-zanga, na iya jawo tuhumar cin amanar ƙasa, laifin da hukuncinsa kan kai ga kisa. Ba mu manta da yaran da aka kama a zanga-zangar Agustan 2024 ba, waɗanda wasunsu suka yanke jiki suka faɗi a kotu a Abuja a farkon Nuwamba kafin a ba da umarnin sakinsu. Abin da aka yi musu bai dace ba, kuma ba na son in sake ganin ɗan kowa a wannan hali.

Idan shugaba ya karya sashe na 5, kundin bai yanka masa wani hukunci na musamman ba, sai dai tsigewa a ƙarƙashin sashe na 143, wadda ba a taɓa kai ta ƙarshe a kan shugaban ƙasa ba. Sanata kuma ana iya yi masa kiranye ta sashe na 69 idan fiye da rabin masu rajistar zaɓe a mazaɓarsa suka sa hannu, sannan aka amince a ƙuri'ar raba gardama, shi ma ba a taɓa cin nasararsa ba. Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi. Jigawa na da sanatoci uku, Kano uku. A tambaye su a bainar jama'a, a rediyo da wurin ɗaurin aure, matsayinsu kan tura soja maƙwabta, a kuma nemi duk ranar da irin wannan wasiƙa ta zo a kaɗa ƙuri'a da suna. Gyaran sashen kansa na buƙatar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa a Abuja da amincewar majalisun jihohi 24, don haka 'yan majalisarmu na Dutse da Kano su ma akwai ta cewa a bakinsu.