Sunan Ivanov: daga ina ya samo asali?

Me Ivanov yake nufi?

Ma'anarsa "na Ivan". Rashawa sukan liƙa "-ov" a ƙarshen sunan mutum don nuna mallaka, kamar yadda Bahaushe zai ce Musa na Audu. A da akan ce "Ivanov syn", wato ɗan Ivan. Daga baya aka daina faɗin "ɗa", sunan ya zama na zuri'a gaba ɗaya. Mace kuma Ivanova ake kiranta.

Shi kansa Ivan fa?

Ya shigo Rasha ne ta hanyar cocin Orthodox, daga Girkanci "Ioannes", wanda shi ma ya fito daga Ibrananci "Yohanan", ma'ana Allah ya yi alheri. Sunan wanda Kiristoci ke kira Yohanna Mai Baftisma ke nan, wanda Musulmi suka sani da Annabi Yahaya, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Limaman coci sun saba raɗa wa jarirai suna daga kalandar waliyyai, wannan suna kuwa ya maimaitu a ranaku da dama na shekara. Shi ya sa Ivan ya cika ƙauyuka.

Ivanov da Ivanovich ɗaya ne?

A'a, kuma a nan ne mutane suka fi rikicewa. Barashe yana da suna uku: na yanka, na uba, da na dangi. Ivanovich sunan uba ne, yana nuna mahaifin mutum Ivan ne, kuma jikansa ba zai gaje shi ba. Ivanov kuwa ana gadonsa har tattaɓa-kunne. Girmamawa a wajensu ita ce a haɗa sunan yanka da na uba. Putin, alal misali, Vladimir Vladimirovich ake ce masa.

Tun asali kowa yana da sunan dangi?

Sarakuna da masu ƙasa ne suka fara. Manoma da yawa ba su samu ba sai bayan da Sarki Alexander na Biyu ya 'yanta su daga bautar gona a 1861, aka rubuta su da sunan uba ko kaka. Don haka Ivanov biyu ba lalle su zama 'yan uwa ba.

Me ya kawo "-ov" a sunayen Musulmi?

Mulkin Rasha da Tarayyar Sobiyat ne ya shimfiɗa tsarin a Asiya ta Tsakiya da Kaukasus, aka sami Karimov da Kadyrov. A ganina, abin a jinjina ne da shugaban Tajikistan, Emomali Rahmonov, ya cire shi a 2007 ya koma Rahmon.