Injin ɗaga kaya mai batir (foklif) da matsalar cajinsa

Foklif inji ne mai ƙahoni biyu na ƙarfe a gaba, ana zura su ƙarƙashin falet (dandamalin katako da ake jera kaya a kai) a ɗaga kaya, a kai cikin mangaza ko a loda wa kamiyo. A nan Yamai wasu na ce masa elebater, wasu kuma Clark, daga sunan kamfanin Amurka da ke cikin waɗanda suka fara ƙera irinsa. Akwai mai gazuwal, mai gas, da mai batir, wanda ba ya hayaƙi ba ya ƙara, shi ya sa aka fi sonsa a ɗakin ajiyar abinci da magani. Sanannun masu ƙera shi su ne Toyota, Linde, Still, Jungheinrich, Hyster, sai na Sin kamar Heli da Hangcha.

Kowane inji yana da ɗan allon ƙarfe kusa da kujerar direba, can aka rubuta ƙarfinsa. Waɗanda aka fi gani na ɗaukar tan 1.5 zuwa tan 3, amma wannan lissafin an yi shi ne idan tsakiyar nauyin kayan tana milimita 500 daga gindin ƙahon, in kayan ya fi haka tsawo ko aka ɗaga shi can sama ƙarfin raguwa yake yi. Tsanin ɗagawar kan kai mita 3, wasu har 6.

Batir ɗin babban kaso ne na injin, a kuɗi da kuma a nauyi. Na dalma da asid an haɗa shi ne da ɗakuna-ɗakuna, kowane ɗaki bolt 2, don haka mai bolt 24 ɗaki 12 ne, mai 48 ɗaki 24, mai 80 ɗaki 40. Batir mai bolt 48 da Ah 625 (ampiya-awa, ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka) yana riƙe wuta kimanin kilowat-awa (kWh) 30 kuma nauyinsa ya kusa tan guda. Nauyin nan da gangan ne, shi ke danne bayan injin kar ya tuntsure gaba, saboda haka wanda ya sa masa batir mara nauyi don ya fi arha wallahi da ran direba yake wasa. Tsohuwar ƙa'ida ita ce awa 8 aiki, awa 8 caji, awa 8 ya huce, kuma in an kula da shi yakan yi caji wajen sau 1500 kafin ya gaji.

To a ƙasarmu fa awa takwas ɗin hucewar nan ita ce wahala. Ana auna rayuwar batir ne a zafin digiri 25 zuwa 30, duk ƙarin digiri 10 kuma kusan rabin ransa yake ci, ga shi a watan Afrilu da Mayu Yamai da Tawa na wuce digiri 40 a inuwa, balle cikin mangazar kwano da rana tsaka. Caji kansa zafi yake ƙarawa. Abin da ya fi shi ne a yi cajin da dare, a buɗe murfin injin, wurin kuma iska na shiga, don batir na fitar da iskar haidirojin lokacin caji, wadda in ta taru ƙyas ɗin ashana ko na wayar wuta ya isa ta tashi.

Sai ruwa. Zafi na shanye shi da sauri, in faifan dalmar da ke cikin ɗakunan ya fito fili ya bushe ba ya dawowa. Ruwan batir tatacce kawai ake zubawa, ba na famfo ba, ba na leda ba, kuma bayan an gama caji ake cikawa, in an cika kafin caji asid ɗin ambaliya yake yi ya ci ƙarfen akwatin. Na taɓa ganin wani a wata mangaza ta unguwar masana'antu, saman batir ɗin ya yi fari fat da gishirin asid haɗe da ƙurar hunturu, yaron da ke kula da shi da buta yake zuba masa ruwan famfo tsakani da Allah, ba wanda ya taɓa gaya masa. Mai wurin ya canza na'urar caji sau biyu alhali ita lafiyarta lau. Abin ya ba ni takaici sosai.

Idan caji ya ƙi tashi, a fara duba filogi. Sau da yawa sabon ma'aikaci kan jona na'urar a filogin injin maimakon na batir, duka biyun shiga suke yi. Haƙoran filogin ma na ƙonewa su yi baƙi. Batir da aka tsotse ƙarƙaf shi ma na'ura ba ta ganinsa sam, shi ya sa ake cewa a daina aiki in saura kashi 20 cikin 100, kuma kar a bar shi ya kwana kwanaki babu caji don gishirin salfet na daskarewa kan faifan. Ɗaki ɗaya da ya mutu ya isa ya ja sauran ƙasa, ana gano shi da ma'aunin kaurin asid, mai lafiya cikakke yana nuna wajen 1.28. Sau ɗaya a sati ana yi masa dogon caji na daidaita ɗakunan.

Kuran, wato wutar lantarki, shi ma da nasa. Manyan na'urorin caji layi uku suke sha, bolt 380 zuwa 400, in layi ɗaya ya faɗi ko wutar ta yi rauni sai su tsaya su kunna jan fitila. Ƙaramin gurup (janareta) kuma ba ya iya ja musu.

Yanzu batir na litiyom yana shigowa, ba ya son ruwa, yana cika cikin awa 1 zuwa 2, kuma ana iya jona shi lokacin hutun azahar ba tare da ya lalace ba. Sai dai ya fi tsada, yana da nasa na'urar caji, kuma kwamfutar cikinsa na yanke wuta da kanta in zafi ya yi yawa, gyaranta kuma sai makanikin da ke da na'urar karanta ta.