Ɓoyayyen yoyon ruwa a motar tafi-da-gidanka

Ɓoyayyen yoyon ruwa shi ne zubar ruwa daga bututu, mahaɗi ko tanki a wurin da ido ba ya kaiwa cikin motar tafi-da-gidanka, wato motar da aka gina wa wurin kwana, madafi da makewayi. Bututun irin wannan mota kan bi bayan kabad, ƙarƙashin gado da cikin daɓe, don haka ruwa na iya yin makonni yana jiƙa katako mai motar bai sani ba. A Damagaram matsalar ta fi wuyar ganewa, domin zafi da bushewar iska suna shanye abin da ya fito fili, a bar wanda ya shige cikin katako yana ɓarna. Gano wurin yoyon shi ne ke cin lokaci. Gyaran kansa sau da yawa bai wuce sauya mahaɗi ɗaya ba.

Tarihi

Tun 1910 kamfanin Pierce-Arrow na Amurka ya fito da wata mota mai suna Touring Landau wadda ke da kwanon wanke hannu da ɗan masai a ciki, kuma ana yawan lissafa ta cikin na farko a wannan fanni. A Jamus, wajajen 1951, kamfanin Westfalia ya fara ƙera akwatin kayan zama da ake sakawa cikin ƙaramar bas ta Volkswagen. Ruwan motocin wancan zamani a jarka yake, ana jawo shi da famfon hannu ko na ƙafa ta gajeren tiyo. In ya yi yoyo, a gaban mutum yake yi. Ɓoyayyen yoyo ya zo ne tare da jin daɗi: da kamfanin Winnebago na Amurka ya fara ƙera manyan motocin zama a 1966, kamfanin Hymer na Jamus kuma ya fito da Hymermobil a 1971, sai shawa da ruwan zafi da injin tura ruwa mai aiki da batir suka yi ta yaɗuwa, bututu suka ƙaru, aka tura su bayan bango don kada su ɓata kyan ɗaki.

Kayan bututun ma sun sauya sau da dama. An fara da jan ƙarfe da tiyon roba. Daga wajajen 1978 zuwa tsakiyar shekarun 1990 masu gini da masu ƙera motoci a Amurka sun rungumi wata roba mai ruwan toka da ake kira folibutilin, saboda arha da sauƙin lanƙwasawa. Ta riƙa tsagewa daga ciki, mahaɗanta suna fashewa, har aka kai ga shari'ar da aka sasanta a 1995 kan kuɗi kusan dala biliyan 1. Wasu sun ɗora laifin kan sinadarin kulorin da ke cikin ruwan famfo, wasu kan mahaɗan, kamfanoni kuma kan masu ɗaurawa. Bayanta ne bututun wata robar da ake kira PEX, wanda Bajamushe Thomas Engel ya samar da hanyar yinsa a shekarun 1960, ya mamaye motocin Amurka, galibi mai faɗin rabin inci. A Turai an fi amfani da tiyo mai milimita 10 da ake ɗaurewa da zoben ƙarfe, ko bututu mai milimita 12 da ake turawa cikin mahaɗi ya kama da kansa, irin na kamfanin John Guest na Ingila.

Damagaram ta daɗe da sanin matafiya masu kwana a hanya. Ita ce hedikwatar mulkin mallakar Faransa a Nijar har 1926, lokacin da aka mayar da ita Yamai, kuma ayarin motocin Citroën da ya ratsa Afirka ya bi ta garin a ƙarshen 1924 kan hanyarsa ta zuwa Tafkin Chadi. Waɗannan ba motocin zama ba ne, a tanti mutanensu ke kwana. Motocin tafi-da-gidanka na ainihi sun yawaita ne a shekarun 1970 da 1980, sa'ad da Turawa ƴan yawon buɗe ido ke ƙetare Sahara daga Aljeriya ta Tamanrasset, Assamaka, Arlit da Agadas, su gangaro ta Tanut zuwa Damagaram, wasu su zarce Kano. Da yawansu sukan sayar da motar in sun iso kudu, su koma gida ta jirgi.  Tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar a farkon shekarun 1990 da yaƙin basasar Aljeriya daga 1992 sun kusa kashe hanyar gaba ɗaya.

Yau ba kasafai ake ganinsu ba. Waɗanda ke akwai galibi na hannu ne da suka shigo ta tashoshin ruwa irin Kwatano da Lome, sai kuma motocin asibitin tafi-da-gidanka da ke da shimfiɗar bututu iri ɗaya.

Tsarin ruwan motar

Tankin ruwa mai tsabta, wanda a matsakaiciyar mota kan ɗauki lita 100 zuwa 150, shi ne mafari. Daga shi ruwa ke bi ta matata zuwa injin turawa, sannan ya rabu biyu: layin sanyi, da layin da ke shiga tukunyar ɗumama ruwa. Ruwan da aka yi amfani da shi yana gangarawa wani tanki daban a ƙarƙashin mota.

Injin iri biyu ne, kuma bambancin yana da muhimmanci wajen bincike. Na farko yana riƙe matsi a cikin bututu koyaushe, ya tsaya da kansa in matsin ya cika, ya tashi in ya ragu. A ma'aunin matsi da ake kira bar, motocin Turai kan tsaya wajen bar 1.5 zuwa 2, na Amurka kan haura bar 3. Na biyu a nutse yake cikin tanki, ba ya tashi sai an buɗe kan famfo, domin akwai ɗan makunni a jikin kowane kai.

Musabbabai

Girgiza ita ce kan gaba. Gidan ƙasa ba ya motsi, amma mota na tafe da bututunta a kan gargada, kuma hanyar burji mai tudu-tudu kan sassauta zoben ƙarfe, ta sa bututu ya yi ta gugar bakin ramin da ya ratsa har ya huje. Zafi na biye: a watannin Afrilu da Mayu Damagaram kan haura digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuwa ya fi haka nesa, sai zoben roba ya bushe ya tsage, tiyo ya yi laushi ya zame daga bakinsa.

Akwai kuma lalacewar da motar ke zuwa da ita daga ƙasashen sanyi. Ruwa in ya daskare yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, ya tsaga mahaɗi, matata ko jikin kan famfo, tsagar da ta kai siririn gashi. Motar da aka ajiye a Jamus ko Faransa lokacin sanyi ba a zubar da ruwanta ba tana iya isowa da wannan ciwo, kuma ba zai bayyana ba sai ranar da aka cika tanki aka kunna inji. Yashi da ke shigowa tare da ruwan rijiya ko na garuwa shi ma yakan maƙale a bawul ya hana shi rufuwa.

Alamomi

Babbar alama a mota mai injin matsi ita ce injin ya riƙa tashi na ɗan daƙiƙa alhali duk kawunan famfo a rufe suke. An fi jin haka da dare. Sauran su ne tanki mai raguwa ba dalili, warin laima cikin kabad, fumfuna, daɓe mai lotsawa in an taka, da farin gishiri ko tsatsa a jikin mahaɗi. Da hunturu wannan farin tabo kaɗai ake samu, domin ɗigon ya bushe tun kafin ya taru. Ƙwarin gara su ma kan nuna wurin in motar ta daɗe a ajiye a kan ƙasa.

Ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa ɗigo 86,400 ne a kwana guda, abin da ya kama daga lita 4 zuwa sama da 20 gwargwadon girmansa. A garin da ke zaune kan duwatsu, wanda ruwansa daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa, kuma unguwanni da yawa sun dogara da ƴan garuwa, wannan asara ce ta gaske tun kafin a zo maganar katako.

Neman wurin yoyon

Ƙa'idar da ta fi kowace amfani ita ce kada a ɓalle bango sai an taƙaita wurin. Da farko ana tabbatar da cewa ruwan na bututu ne. Laimar da ke bayyana da damina kawai, tsakanin Yuni da Satumba, daga rufi ko bakin taga take. Na'urar sanyaya ɗaki da firji suna zubar da nasu ruwan. Bawul ɗin kariya na tukunyar ɗumama ruwa kan ɗiga kaɗan lokacin da ruwa ke zafi, wannan aikinsa ne. Tukunyar kamfanin Truma kuma tana da bawul mai buɗe kansa ya zubar da ruwa in sanyi ya kai wajen digiri 3. A cikin Damagaram sanyi ba ya kaiwa haka, amma ana samun motar da ta iso da shi a buɗe, a yi ta neman yoyon da babu.

Daga nan sai gwajin matsi. Ana cika tanki, a buɗe kowane kan famfo har iska ta gama fita, a rufe, a bar injin ya tsaya, sannan a saurara. In ya sake tashi, ana toshe layin da ke fita daga bakinsa. Ya ci gaba da tashi, to bawul ɗin cikinsa ne ke mayar da ruwa tanki, babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa. Ya yi shiru, yoyon yana gaba. Sai a rufe layin zafi a bar na sanyi, a ware makewayi daga madafi, ana rage fili mataki-mataki har ya rage reshe ɗaya. Idan kuwa famfo na tofar da iska injin kuma ya ƙi tsayawa, ɓarakar tana tsakanin tanki da inji, galibi a murfin matata, kuma can iska ce ke shiga, ruwa ba ya fita sosai.

Mota mai injin nutso ba ta ba da wannan alama, tunda babu matsi sai famfo na buɗe. A nan mutum biyu ake bukata, ɗaya ya buɗe ruwa, ɗaya ya bi layi da tocila da ɗan madubi.

In an san reshen, ana goge kowane mahaɗi ya bushe, a naɗa masa takarda mai shan ruwa, a dawo bayan ɗan lokaci. Wasu kan barbaɗa hoda ko toka a daɓen kabad don sawun ruwa ya fito. Ruwa na bin jikin bututu da gangaren mota ya faɗo nesa da inda ya fito, saboda haka wurin da ya fi zama sama da aka samu a jiƙe shi ne abin zargi. Sanyin asuba ya fi dacewa da wannan aiki a ƙasa mai zafi, kafin rana ta shafe shaida. Inda ruwa ya yi ƙaranci ana iya zubar da na bututun a adana, a hura iska da famfon taya mai agogo, kada a wuce matsin da injin motar ke bayarwa, a shafa kumfar sabulu a mahaɗai kamar yadda mai faci ke neman huji. Layin ruwan datti ba shi da matsi. Shi ana zuba masa ruwa mai launi ne ta kwanon wanke-wanke ko ramin shawa, a duba ƙasa. Kwanon shawar kansa kan tsage a kusurwa, kuma tsagar ba ta buɗewa sai mutum ya tsaya a kai.

Masu na'urar auna laimar katako kan ɗauki ƙasa da kashi 15 cikin 100 a matsayin lafiya, sama da 20 kuma wurin da ruɓa ke iya farawa.

Gyara

Kafin komai ana kashe inji, a cire wutar waje, a rufe tukunyar gas, a buɗe famfo matsi ya sauka. Bututun da ya huje ana yanke wurin gaba ɗaya, yanka madaidaici mai santsi, a sa sabon guntu da mahaɗai biyu. Mahaɗin turawa ba ya kama bakin da ya karkace ko ya karce. Tiyon da bakinsa ya buɗe ana rage masa kaɗan a sa sabon zobe, ba tare da matsewa har ya yanke roba ba. Farin tef na Teflon na haƙoran juyi ne kawai, ba ya maganin mahaɗin da zoben roba ke toshewa, kuma yawansa na fasa mahaɗin roba. Tankunan ruwa galibi na folitilin ne, gam ba ya kama su. Ana narka roba irin tasu a like tsagar da zafi. In an tarar da bututun folibutilin, sauya layin duka ya fi bin sa faci-faci.

Wahalar Damagaram ita ce awo. Shagunan kayan famfo sun fi ajiye bututun gidaje na PVC, PPR da ƙarfe, masu milimita 20 zuwa sama, waɗanda ba sa shiga kayan milimita 10 ko 12. Masu gyara kan nemo siririn tiyo wurin masu kayan mota ko na firji, ko su aika Kano, mai nisan kilomita 240 ko kusa da haka. Tiyon fetur da na gas ba su dace da ruwan sha ba. Ɗaure huji da tsinken robar taya dabara ce da aka sani a ko'ina cikin garin. Wasu masu gyara na ganin tana wadatarwa a layin datti, wasu ba sa yarda da ita ko can. A layin matsi tana kai matafiyi gari na gaba ne kawai.

Bayan gyara ana maimaita gwajin matsi, a sa roba a duk inda bututu ke gugar ƙarfe ko katako, a yi ƴar tafiya kan gargada a sake dubawa kafin a mayar da bango. Ana wanke layin da ruwa mai ɗan jabel, a ɗauraye sosai.

Katakon da ya jiƙe ana barinsa a buɗe ya sha iska, abin da hunturu ke gamawa cikin ƴan kwanaki amma damina ke jinkirtawa. Wanda ya riga ya yi laushi ko ya rabu falle-falle ba ya komawa daidai. Kafinta ne ke yanke shi har inda lafiyayye ya fara, ya sa sabo, a duba ƙarfen da ke ƙarƙashinsa ko tsatsa ta ci shi.