Tsintuwa: Shekara Ta Cika, Mai Kaya Bai Zo Ba, To Na Wa Ne?

Muna yara idan muka tsinci kwabo a hanya sai mu ce tsintuwa ba sata ba. Gaskiya ne, ba sata ba ce. Sai dai ba a gaya mana ragowar zancen ba, wato cewa ita ɗin ba kyauta ba ce.

A 2023 Kano ta ɗauka da labarin matashin direban adaidaita sahu da ya mayar da kuɗi kimanin Naira miliyan 15 waɗanda wani ɗan kasuwa daga Chadi ya manta a kekensa, bayan ya ji cigiya a rediyo. Nasa ya zo da sauƙi, tunda mai kuɗin ya fito neman abinsa. Mai wuya shi ne na matar da ta tsinci sarƙar gwal a banɗakin gidan biki, ta tambayi dangin amarya, ta tambayi na ango, shiru. Wata goma ke nan sarƙar na ƙasan akwati a ƙulle cikin leda, kuɗin makarantar yara kuma na ƙwanƙwasa ƙofa.

Malaman fiƙihu suna kiran wannan babi luƙaɗa. Ginshiƙinsa hadisin Zaidu ɗan Khalid Al-Juhani ne, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito: aka tambayi Manzon Allah (SAW) game da tsintuwa, ya ce a kiyaye mazubinta da igiyar da aka ɗaure ta, a yi shelarta shekara guda, idan mai ita ya zo a ba shi. Ubayyu ɗan Ka'ab ma ya taɓa tsintar jaka mai dinari 100, shi ma shela aka umarce shi da yi.

Zancen mazubi da igiya shi ne makullin abin. Da su ake gane mai gaskiya: wanda ya siffanta jakar da ɗaurinta, ya faɗi abin da ke ciki, shi ake miƙa wa. Don haka malaman Malikiyya suka ce mai shela kada ya fayyace abin da ya tsinta. A nan ne mutanen kirki da yawa ke kuskure yau. Mutum ya tsinci jaka, ya zazzage ta, ya ɗauki hoto ya ɗora a Facebook, ga launinta, ga bandir ɗin kuɗi a jere. Ya riga ya ba kowane macuci amsar jarrabawa. "An tsinci kaya a wuri kaza, ranar kaza, mai shi ya zo da bayani" ya wadatar.

Shelar kuwa inda ake zaton mai kaya zai nema ake yin ta: wurin da aka tsinta, kasuwa, tasha, ƙofar masallaci. Ƙofar fa, ba ciki ba, don an hana cigiya a cikin masallaci. Mukhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya na Shehu Khalil, ya ce a riƙa maimaitawa duk bayan kwana biyu ko uku, mutum da kansa ko ta bakin wanda ya amince da shi. A yau mai unguwa, ofishin ƙungiyar direbobi a tasha da filin cigiya na gidan rediyo duk suna biyan wannan buƙata. Faɗa wa maƙwabta biyu a zaure sannan a ja baki a yi shiru ba shela ba ce.

Ba komai ake yi wa wannan wahala ba. Abin da mai shi ba zai waiwaya ba, kamar dabino ɗaya ko ɗan canji, sai a ɗauka kawai. Abin da zai ruɓe kafin gobe, a ci.

To shekara ta cika, babu wanda ya zo. Mutane suna ɗauka daga ranar kaya sun zama nasu halak malak. Ba haka Risala, littafin fiƙihu na Ibn Abi Zaid, ta koyar ba. Zaɓi uku ne a gaban mai tsintuwa: ya ci gaba da ajiyewa a matsayin amana, ya yi sadaka da abin, ko ya yi amfani da shi. A biyun ƙarshe lamuni yana wuyansa. Idan mai sarƙar ta ɓullo bayan shekara biyar ta siffanta abinta daidai, sai an biya ta. Ko da sadaka aka yi, mai kaya ne ke da ta cewa: ya yarda da sadakar ladan ya zama nasa, ko ya ce abinsa yake so, a biya shi, ladan ya koma ga wanda ya bayar. Wato abin da shekara ta sauke maka nauyin shela ne kawai, bashin yana nan. A ganina wanda ya san ba shi da ƙarfin biya, gara ya bar gwal ɗin inda yake, domin farashin da aka sayar yau ba shi za a tarar ba ranar da mai shi ya bayyana.

Mai ajiya kuma yana da tasa kariya. Idan ɓarawo ya shiga ko gobara ta cinye, ba da sakacinsa ba, babu biya a kansa. Wanda kuwa tun ɗaukar farko niyyarsa ya ci, ya fita daga sahun masu amana, ko me ya sami kayan shi zai biya.

Dabbobi hukuncinsu daban. Raƙumi hadisi ya ce a ƙyale shi, yana tafe da ruwansa da takalmansa har mai shi ya same shi, ko da yake Muwaɗɗa ta kawo cewa a zamanin Sayyidina Usman an koma yin shela, a sayar, a ajiye wa mai shi kuɗin. Tunkiya kuwa an ce taka ce, ko ta ɗan'uwanka, ko ta kerkeci. Amma wannan a dajin da babu mutane ne. Ragon da ya tsinke igiya ya faɗo gidanka ana jibi Sallah bai shiga ciki ba, Alhaji.

Dokar ƙasa ma ba ta yi nisa da wannan ba. Penal Code, dokar hukunta laifuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, a sashe na 308 da 309 ta hukunta wanda ya mayar da dukiyar wani tasa da rashin gaskiya, da ɗaurin da zai iya kai shekara biyu, ko biyan tara, ko a haɗa masa duka biyun. Wayar da ke ta ƙara a aljihunka ka kashe ka zare layin, da kuɗin da suka shigo asusunka bisa kuskure, ba ma tsintuwa ba ne, tunda hanyar gano mai su a buɗe take. Tukwici kuma alheri ne, ba a riƙe kaya a kansa, sai idan mai su ne ya yi alkawari tun a cigiya.

Matar can mai sarƙa, idan ajiya ta zaɓa, aiki ɗaya ya rage mata. Ta sa a rubuta a takarda inda ta tsince ta da ranar, ta cusa cikin ledar, ta kuma shaida wa mutum biyu a gidan, don kada wata rana a buɗe akwatin a jefa sarƙar cikin kayan gado.