Waiwaye: Yadda Katatonia ta fara barin gurnani tun 1996

Tun watan Maris na 2025, da aka sanar cewa makaɗin jita Anders Nyström ya raba gari da ƙungiyar kiɗa ta Katatonia, masoyanta suke ta ce-ce-ku-ce a intanet. Shi da Jonas Renkse ne suka kafa ta a birnin Stockholm na ƙasar Suwidin a 1991, suna samari, kuma sun haura shekara talatin tare. Bayanin da Nyström ya fitar ya nuna yana son a riƙa tunawa da waƙoƙin farko in an hau dandamali. Da sabon faifansu, Nightmares as Extensions of the Waking State, ya fito a watan Yuni ba tare da shi ba, sai muhawarar ta ƙara zafi. Wasu na cewa ƙungiyar ta bar gida, nauyin kiɗan ya tafi, saura laushi da na'ura. Wasu kuma na cewa ai ba yau aka fara ba. Ni ina tare da na biyun, sai dai inda suke kai yatsa ba nan ne farkon zancen ba.

Ga wanda bai saba da shi ba, doom metal, salon da Katatonia ta fara da shi, kiɗa ne mai nauyi da jan ƙafa, jita tana ruri ƙasa-ƙasa, waƙar kuma duk baƙin ciki ce da mutuwa da kaɗaici. Asalinsa sananne ne: Black Sabbath a Birmingham ta Ingila a 1970, inda Tony Iommi, wanda injin masana'anta ya gutsure wa kan yatsu biyu, ya koma sassauta tsirkiyar jitarsa. Candlemass ta Stockholm ta ɗora a 1986. A farkon shekarun 1990 Paradise Lost da My Dying Bride da Anathema suka gauraya shi da gurnanin death metal, wato waƙa da ƙasan maƙogwaro kamar zaki ya ji rauni. A wannan rafin Katatonia ta sha ruwa. Faifanta na farko, Dance of December Souls, ya fito a 1993, Renkse yana kaɗa ganguna kuma shi ke ihun. Wannan faifan ne masu kewar da suke ta ambato.

Galibin masu waiwaye sukan tsallaka kai tsaye zuwa 1998, shekarar da Discouraged Ones ya fito da murya garau daga farko har ƙarshe, su ce nan aka juya. Amma ruwa ba ya tsami banza. Abin da ya faru tsakanin 1994 da 1996 shi ne ya yanke hukuncin.

A 1994 ƙungiyar ta watse na ɗan lokaci, kowa ya kama gabansa. Nyström ya mayar da hankali kan Diabolical Masquerade, aikin kiɗan da yake yi shi kaɗai, Renkse kuma ya haɗu da Fredrik Norrman suka yi October Tide. Da suka dawo a 1996, tare da Norrman, suka shiga situdiyon Dan Swanö don naɗar faifai na biyu, sai ga matsala: maƙogwaron Renkse ya ƙi. Irin ihun da yake yi a da ya zame masa ciwo, ba ya iya fitar da shi yadda ake buƙata. Dole uwar na ƙi. Suka kira abokinsu Mikael Åkerfeldt na ƙungiyar Opeth ya zo ya ara musu murya.

A tsaya nan a duba da kyau. Wannan faifai na biyu, Brave Murder Day, wanda ake ɗauka a matsayin ƙololuwar zamanin nauyinsu, gurnanin da ke cikinsa na baƙo ne. Mutumin da ya yi shi yana da tasa ƙungiyar da nasa hidindimun, ba zai bi su yawon wasa har abada ba. Haka aka sake aro shi a ƙaramin faifan Sounds of Decay na 1997. Daga nan zaɓi biyu ya rage musu: ko su nemo sabon mawaƙi mai gurnani su damƙa masa gaban ƙungiyar, ko Renkse mai rubuta baitocin ya koyi rera su da muryar da ta rage masa. Kayan aro ba ya rufe katara. Suka ɗauki na biyu.

Kuma ba murya kaɗai ta sauya a 1996 ba, ginin kiɗan ma ya sauya, kuma wannan ne aka fi mantawa. Saurari «Brave», waƙar farko, mai fiye da minti goma. Jita tana fara wani siririn kuka, sannan ganga ta shigo da taku guda, ba ado ba kwana-kwana, kamar mai daka a turmi. Jita ɗaya tana ta maimaita bugu iri ɗaya, ɗayar tana zuba wata 'yar karin waƙa mai ban tausayi a samanta, a koma, a sake komawa, har sai abin ya shiga jiki. Faifan 1993 cike yake da hawa da sauka da dogayen labarai na kiɗa. Wannan kuwa an tankaɗe shi an bar tsaba. A lokacin kunnuwansu sun karkata ga makaɗan Ingila irin su Slowdive da The Cure, masu lulluɓe waƙa da hazo maimakon tsawa. In ka cire gurnanin Åkerfeldt daga «Brave», abin da zai saura kusan shi ne Katatonia ta shekaru ashirin masu zuwa.

Ba ma sai ka cire da kanka ba, sun yi maka. Waƙoƙi shida ne a faifan, sunansa kuma daga ukun farko aka harhaɗa shi. Ta ukun, «Day», babu ihu a cikinta ko kaɗan. Renkse ne da kansa, da murya ƙasa-ƙasa mai ɗan rawa, irin ta wanda bai gama yarda da kansa ba, jita kuma tana ɗiga a hankali. Na daɗe ina tsallake ta in na sa faifan, don a ganina hutu ce kawai tsakanin waƙoƙi biyu masu nauyi. Ashe ita ce somin-taɓi.

Abin da ya biyo baya ya zo a jere. Discouraged Ones a 1998. A Tonight's Decision na 1999 Renkse ya ajiye sandunan ganga ya fuskanci waƙa, Swanö ya kaɗa musu. Last Fair Deal Gone Down a 2001, The Great Cold Distance a 2006, kowanne yana ƙara gogewar muryar. A 2013 har suka sake fasalin faifansu Dead End Kings gaba ɗaya ba tare da rurin jita ba, suka kira shi Dethroned & Uncrowned. Duk waɗannan da Nyström aka yi su, da jitarsa da hannunsa a rubutu.

Son nauyin kuwa bai mutu ba, gida aka sake masa. A 1998, shekarar da Katatonia ta bar gurnani, Renkse da Nyström da Åkerfeldt da Swanö suka kafa Bloodbath, ƙungiyar death metal tsantsa. Wato tun a lokacin an raba kaya gida biyu, tsawa can, hazo nan. Shi ya sa nake ganin zancen wa ya ci amanar wa bai taso ba. Nyström yana kewar abin da suka gina da ƙuruciya, kuma yana da gaskiyarsa, domin akwai masu sayen tikiti don su ji waƙoƙin 1993. Renkse kuma ana roƙonsa ya koma ga muryar da ta bar shi yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai.

A faifan 2025 akwai waƙa mai suna «Efter Solen», wadda Renkse ya rera da harshen Suwidin a kan kiɗa mai sanyi, ita ce masu suka suka fi kafa hujja da ita. Na sa ta, na bi ta da «Day». Shekara ashirin da tara ke tsakaninsu. Muryar ta ƙara kauri, rawar nan ta rashin tabbas ta tafi, amma takun guda ne.