Tun yaushe gasar gida ta daina ciyar da Super Eagles?

Duk lokacin da aka fitar da sunayen 'yan wasan Super Eagles, gardama ɗaya ce take dawowa: ina 'yan gasar gida? Wasu su ce raina su ake yi, wasu su ce gasar ce ta mutu. A Kofin Afirka da aka buga a Kwaddibuwa a farkon 2024, inda Najeriya ta kai wasan ƙarshe, mutum ɗaya tak ya fito daga gasar gida, shi ma golan Enyimba ne da ya ƙare gasar a benci. Galibi gidajen kallo da Firimiyar Ingila ake ɗora wa laifi. Sai dai kafin gidajen kallo su cika unguwanni, aikin gama ya riga ya gama.

Farkon labarin sananne ne. An fara gasar ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ta ɗauka. Shooting Stars ta ci kofin Afirka na zakarun kofi a 1976, Rangers ta bi sahu a 1977, Raccah Rovers ta Kano ta lashe gasar gida a 1978. Da aka doke Aljeriya 3-0 a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Legas a 1980, su Segun Odegbami da Christian Chukwu da Muda Lawal duk a gida suke taka leda, aka ba su gidaje a Festac da motoci Fijo 504. A lokacin naira ta fi dala daraja, don haka ɗan ƙwallon da ke Ibadan ko Inugu ba shi da dalilin zumuɗin ƙetare.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne tsakanin 1985 da 1990. Farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya a 1986, naira ta bi shi. A 1985 da ƙasa da naira ɗaya ake sayen dala. Zuwa 1987 ta kai kusan naira 4, a 1993 kuma kusan 22. Ɗan wasa ba ya buƙatar masanin tattalin arziki ya fassara masa wannan. Kuɗin sa hannun da bara zai saya masa mota, bana ba zai kai ba, alhali abokinsa da ya tsallaka Abijan yana karɓar sefa, wadda ke jingine da kuɗin Faransa. Masu kulob ma abin ya taɓa su, domin tikitin jirgi da otal na wasannin Afirka da kuɗin waje ake biya, kuɗin ƙofa kuwa naira ne. Leventis United, wadda ta kai wasan ƙarshe na Afirka a 1985 ta kuma ci gasar gida a 1986, ta watse ba da jimawa ba. Abiola Babes ma ta bar fagen a ƙarshen shekarun 1980. Su ne kuwa suke cikin masu biyan albashi mafi tsoka.

Hanyar fita ta buɗe a daidai wannan lokaci. Stephen Keshi ya tafi Stade d'Abidjan a 1985, daga nan Africa Sports, sai Lokeren da Anderlecht a Beljiyam, matasa da yawa suka bi bayansa. Rashidi Yekini ya bar Abiola Babes zuwa Africa Sports a 1987, kafin ya wuce Setubal a Fotugal. Daniel Amokachi ya bar Ranchers Bees ta Kaduna zuwa Club Brugge a 1990, shekarar da aka ƙaddamar da gasar ƙwararru a Najeriya. Wato an buɗe sabuwar gasa a daidai lokacin da fitattun cikinta ke haɗa kaya.

Abin da ya rufe idon jama'a shi ne nasara. Tawagar da ta ci Kofin Afirka a Tunisiya a 1994 kusan duk 'yan waje ce. Emmanuel Amunike da ya zura wa Zambiya biyu a wasan ƙarshe, a Zamalek ta Masar yake. Wa zai tambayi halin da gasar gida take ciki ana tsaka da murna?

Ba wai gasar ta daina haihuwa ba ne. Enyimba ta ci kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, Kano Pillars ta fitar da Al Ahly ta kai kusa da ƙarshe a 2009, Sunday Mba na Warri Wolves ne ya ci ƙwallon da ta kawo wa Najeriya Kofin Afirka na 2013. Riƙewa ce ta gagara. Ahmed Musa ya ci wa Pillars ƙwallo 18 a kaka ɗaya, a 2010 ya tafi VVV-Venlo ta Holan. Yanzu ma ba Turai kaɗai ake tafiya ba. Stanley Nwabali ya tsare wa Katsina United raga, amma sai da ya koma Chippa United ta Afirka ta Kudu a 2022 sannan ya zama golan farko na Najeriya.