Tambayoyi da Amsoshi: Yadda Ake Daidaita Sabon Hannun Waifa da Tsohuwar Motar Tafi-da-Gidanka

Me ya sa ba za a sayi sabon hannun waifa kawai a ɗaura ba?

Dalili shi ne yawancin tsofaffin motocin tafi-da-gidanka, wato motocin da ke ɗauke da ɗakin kwana da madafa da makewayi, an daɗe da daina ƙera kayansu. Misali mafi shahara shi ne motar GMC da kamfanin General Motors ya ƙera a garin Pontiac na jihar Michigan a Amurka daga 1973 zuwa 1978, wadda duka-duka guda 12,921 aka yi, wasu masu tsawon ƙafa 23, wasu ƙafa 26. Gilashinta na gaba ɓangare biyu ne, mai faɗi da lanƙwasa zuwa gefe, saboda haka hannun da aka ƙera wa ƙaramar mota ba ya cika zama daidai a kansa. Mai irin wannan mota yakan rasa yadda zai yi sai ya nemi hannun wata motar, sabo ko na gwangwan, ya gyara shi har ya dace.

Waɗanne wurare ne dole su dace?

Wurare uku ne, kuma kamannin hannun a ido ba ya cikinsu. Akwai gindin hannun, inda yake hawa kan turken ƙarfen da ke juya shi. Akwai tsawonsa da lanƙwasarsa, waɗanda su ke nuna iyakar inda robar za ta share. Sannan akwai sifirin da ke danna robar a kan gilashi. Bakin da robar ke maƙalewa shi ne mafi sauƙi, domin ana sayar da ƙananan mahaɗai da ke haɗa mai ƙugiya da mai fil a gefe da mai shiga kamar kube. Shi kansa mai ƙugiyar girmansa ya bambanta: na ƙananan motoci yawanci faɗinsa milimita 9 ne, na manyan motoci kuma yakan kai 12.

Me ya sa gindin hannun ya fi ba da wahala?

A nan ne aikin yake, kuma a nan ne aka fi yin ɓarna. Turaku iri biyu aka fi samu. Na farko yana da kai mai tsini kaɗan, an yi masa ƙananan haƙora, ana ɗaure hannun da noti. Turken ƙarfe ne mai tauri, gindin hannun kuwa narkakken ƙarfe ne mai laushi, don haka idan aka ɗaure notin, haƙoran su ne ke huda wa kansu mazauni. Na biyu, wanda ya yawaita a tsofaffin motocin Amurka, kansa kamar ƙaramar ganga yake mai layukan haƙora a tsaye, hannun yana zurmawa a kai, wata 'yar sakata ta riƙe shi.

Idan tsinin sabon hannun bai yi daidai da na turken ba, zai zauna a ido kamar lafiya lau, amma a gefe ɗaya kaɗai yake taɓawa. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi sai haƙoran su cinye, a ji injin waifar yana aiki, turken yana juyawa, hannun kuwa yana kwance bai motsa ba. Wanda ya cire irin wannan hannun zai ga garin ƙarfe mai launin toka ya cike tsakanin haƙoran turken, kuma sai an goge shi tas da burushin waya kafin wani hannun ya kama.

Abin da nake ganin bai kamata a yi sassauci a kansa ba shi ne: duk gyaran da za a yi, a yi shi a jikin sabon hannun. Kada a sa magagari a kan tsohon turken don a tilasta masa karɓar abin da ba nasa ba, domin hannu ana iya samun wani gobe, amma turken motar da ta haura shekara arba'in da biyar samun madadinsa babban aiki ne.

To, wace hanya ce ta fi inganci?

Idan gindin tsohon hannun yana da lafiya, hanyar da ta fi ita ce a bar shi da gaɓar da hannun ke naɗewa a kanta, a yanke siririn ƙarfen da ke sama, a haɗa shi da saman sabon hannu mai bakin zamani. Ana ɗora ƙarfen ɗaya bisa ɗaya na tsawon wasu inci, a huda wuri biyu, a ɗaure da ƙusoshin da ba sa tsatsa. Ƙusa ɗaya ba ta isa, domin mahaɗin zai riƙa juyawa a kanta. Walda ma tana yi, amma sai an cire sifirin tukuna, saboda zafi yana kashe ƙarfinsa. Akwai kuma hannuwan da ake ƙera wa manyan motoci da jiragen ruwa, waɗanda ake iya ƙara musu tsawo ko a karkata bakinsu.

Ƙarin tsawo ba zai ba da ƙarin gani ba?

Zai bayar, amma da tsada. Faɗin kusurwar da hannun ke shara ba ya canzawa, domin sandunan da ke haɗa injin waifar da turken su suka ƙayyade shi. Abin da ke ƙaruwa shi ne nisan da bakin robar ke kaiwa, da kuma nauyin da injin ke ja. Kafin a yanka komai, a manna tef a kan gilashi a inda tsohuwar robar ke kwanciya da inda take juyowa, a auna daga tsakiyar turken zuwa inda robar ke maƙalewa. Inci ɗaya na ƙari ya isa ya sa robar ta riƙa dukan firam ɗin gilashi ko ta hau kan lanƙwasar gefe ta ɗaga. Motocin da hannunsu ke da sanduna biyu a jere, irin na bas, an yi su ne domin robar ta zauna a tsaye duk tsawon sharar, kuma hannu mai sanda ɗaya ba ya maye gurbinsu.

Yaya ake sanin ƙarfin sifirin ya isa?

Ana rataya ƙaramin sikeli mai ƙugiya a bakin hannun, a ja har robar ta fara rabuwa da gilashi, a karanta. Ƙiyasin da masu gyara ke amfani da shi shi ne kusan giram 28 ga kowane inci na roba, wato roba mai inci 24 tana son abin da ya kusa giram 700. Idan ya gaza, iska za ta ɗaga ta a kan babbar hanya, musamman da yake gaban waɗannan motoci yana karɓar iska sosai. Idan robar tana tsalle tana ƙara alhali ƙarfin ya isa, to ba a tsaye take bisa gilashin ba, sai a kama ƙarfen hannun da sifana biyu a murɗa shi kaɗan-kaɗan har leɓen robar ya riƙa juyawa a kowace tafiya. A shimfiɗa tawul mai kauri a kan gilashin duk lokacin da aka cire robar, domin hannu tsirara idan ya kuɓuce yana iya tsaga gilashin da kuɗinsa ya ninka na dukan aikin sau da yawa.

Akwai abin da ya keɓanta da motar GMC?

Akwai. Waifarta ta asali ba da lantarki take aiki ba, da matsin man famfon sitiyari take aiki, saboda haka sai injin motar yana kunne ake iya gwada ta. Waifar da ke tafiya a hankali na iya zama alamar matsala a wannan layin mai, ba a hannun ba, kuma masu motar da yawa sun mayar da tasu ta lantarki. Wanda ya yi haka ya tuna cewa ƙa'idar tsaron motoci ta Amurka mai lamba 104, wadda ta shafi waifa, ta nemi gudu iri biyu, mafi saurin kada ya gaza shara 45 a minti ɗaya.

Yaya ake ɗaurawar ƙarshe?

A kunna waifar ba tare da hannu a kai ba, a kashe, a bar turken ya tsaya a mazauninsa da kansa. Sannan a ɗora hannun bisa alamar tef, a ɗaure notin sama-sama, a jiƙa gilashin sosai, a gwada da ƙaramin gudu kafin babban, domin a babban gudu robar takan ɗan wuce iyakarta. Sai an tabbatar ba ta taɓa ko'ina ba sannan a ƙarasa ɗaure notin, a mayar da siririn tiyon ruwan wanki idan hannun yana ɗauke da shi, a sake duba notin bayan tafiyar farko cikin ruwan sama.